Tallafi da Sassaucin Haraji: Me Ya Iso Fadamar Rima?

 

An nemi in yi magana a kan tallafin da gwamnati ke bai wa jama'a a wannan lokaci na matsi, da kuma sabbin dokokin haraji da ake cewa sun zo wa talaka da sauƙi. Batun yana da faɗi, kuma galibi daga Abuja ko Legas ake duba shi. Ni daga nan zan duba shi, daga wannan fadama da ta taso daga Augie ta ratsa Argungu da Birnin Kebbi ta gangara Bunza. Tambayata ɗaya ce: cikin duk abin da aka sanar tun daga 2023, me ya iso hannun mutumin wannan kwari, kuma me aka karɓe masa kafin a ba shi?

Kowa a nan ya san mafarin abin. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mu a Kebbi an ƙara mana da wani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyaka, kuma ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Wanda bai san garin Kamba na bakin iyaka ba zai ɗauka wannan maganar diflomasiyya ce. Wanda ya san ta ya san cewa cinikin dabbobi da wake da albasa ne ya tsaya, ga gidajen da rabi ke nan rabi ke Gaya ta Nijar. Duk wannan ya faɗo ne a kan jihar da binciken talauci na 2022 ya ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanenta suna fama da rashi ta fuskoki da yawa: abinci, ruwa, makaranta, asibiti.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A watan Agusta na 2023 an sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, wani kaso kyauta wani kaso bashi, tare da tirelolin shinkafa. An ƙara wa ma'aikatan tarayya naira 35,000 a wata na wucin gadi. A watan Oktoba aka ƙaddamar da shirin tura naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Gwamna Nasir Idris kuma, wanda ya fito daga cikin ƙungiyar malamai, ya kai na Kebbi 75,000. A Yulin 2024 ɗin dai aka ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama sarrafawa ba na tsawon kwana 150. Sai babbar magana: ranar 26 ga Yuni, 2025, aka sa hannu a dokokin haraji guda huɗu waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, aka sa 1 ga Janairu, 2026 ranar fara aiki da su.

Bari mu fara da wannan ta ƙarshe, domin ita aka fi yi wa kirari. Dokar ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan har zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin 100, a yi ta hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An kuma kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da mutum ke biya a shekara za a fitar daga abin da ake lissafa wa haraji, muddin bai wuce naira 500,000 ba. Abin da ba a cika faɗa a rediyo ba shi ne an soke tsohon rangwamen da kowane mai albashi ke samu, wato naira 200,000 haɗe da kashi 20 cikin 100 na albashinsa.

Ɗalibai, ku fito da biro mu yi lissafin tare. Zan bar maganar fansho gefe don kada lissafin ya yi tsawo. Ɗauki ma'aikacin da ke kan naira 75,000 a wata, wato 900,000 a shekara. A tsohon tsari, bayan an fitar masa da rangwame, harajinsa ya kama naira 45,200 a shekara. A sabon tsari 15,000 ne. Ya sami sauƙin kusan 30,000 a shekara, wato wajen 2,500 a wata. Wannan abu ne, ba zan raina shi ba. Yanzu ɗauki malamar sakandare mai naira 120,000 a wata, 1,440,000 a shekara. A da tana biyan 106,800. Yanzu za ta biya 96,000. Bambancin naira 10,800 ne a shekara, naira 900 a wata, kuɗin litar fetur ɗaya a farashin 2025 ko kusa da haka. Idan tana haya, a ce ta naira 300,000 a unguwar Gesse ko Badariya, kuma tana da rasit, za a ƙara rage mata 9,000 a shekara. Idan kuwa a gidan gado take zaune, kamar yawancin mutanenmu, wannan rangwame bai shafe ta ba. An rubuta shi ne da tunanin birnin da kowa ɗan haya ne.

Dokar ta fi tsohuwar adalci. Mai ƙaramin albashi ya sami sauƙi, mai babban albashi an ƙara masa, kuma haka ya kamata. Amma ku lura da waɗanda muke lissafa wa: masu albashi. Mutum nawa ne a Jihar Kebbi ake cire wa haraji daga albashi? Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 21, malaman makaranta, ma'aikatan tarayya da na jami'o'i da kwalejoji, ma'aikatan bankuna da na 'yan masana'antu irin su Labana da Wacot. A jihar da mutanenta suka haura miliyan 5, waɗannan tsiraru ne. Manomin Gulma, masuncin Argungu, mai tuya a bakin tasha, ɗan kabu-kabu, matar da ke turara shinkafa a cikin gida tana aika yara da ita kasuwa, babu ɗayansu da aka taɓa cire wa harajin albashi. In ka ce masa an yafe masa haraji a kan naira 800,000 na farko, ka yafe masa abin da dama ba ya biya.

Wannan ba ya nufin ba ya biyan komai. Yana biya, sai dai ba a kiran abin da sunan haraji. Yana biyan tikitin kasuwa da na tasha da na kara. Yana biyan VAT na kashi 7.5 a katin waya da sabulu da kayan gyaran babur. Yana biyan naira 50 a duk kuɗin da aka tura ta waya daga naira 10,000 zuwa sama, kuma tun Disambar 2024 wannan ya haɗa da Opay da Moniepoint, waɗanda su ne bankin talaka a yau. Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa kudu yana sauke kuɗi a shinge bayan shinge, wasu da rasit wasu babu, kuma dillali ya riga ya cire wannan daga farashin da zai ba manomi tun a gona. Sama da duka akwai hauhawar farashi, wadda ke cin kuɗin da ke cikin aljihu ba tare da ta aiko da takarda ba. Mai kadara yana tsira daga gare ta, domin gidansa da filinsa suna tashi tare da kasuwa. Wanda duk dukiyarsa 'yan takardun da ke ƙarƙashin tabarma ne, shi take ci.

Ina so in daɗe kaɗan a kan fetur, domin a nan ne labarinmu ya bambanta da na sauran wurare. Lokacin da ake muhawarar cire tallafi, hujjar masana ita ce masu motoci a birane da masu fasa-ƙwauri ne ke cin moriyarsa. Akwai gaskiya a ciki, mu da ke bakin iyaka mun ga jarkokin da ke tsallakawa. Amma a kwarin Rima fetur kayan noma ne, daidai yake da taki da iri. Noman rani a nan a kan ƙaramin injin ban ruwa ya tsaya. Manomi ya haƙa rijiyar burtsatse mara zurfi a fadama ko ya ja daga gulbi, ya ɗora inji, ya yi ta ba shinkafa ruwa wata uku zuwa huɗu. A tsakiyar zafin Maris da Afrilu, in ya yi kwana biyu bai tayar da inji ba, ƙasa ta tsage. Ba shi da zaɓin rage tafiya kamar mai mota. Ko ya sayi mai ko ya bar gonar ta ƙone. Da farashin lita ya ninka sau huɗu zuwa biyar, kuɗin noma kadada ɗaya ya tashi da shi, ga taki da maganin ciyawa da suka bi dala. Da yawa sun rage faɗin abin da suke nomawa, wasu sun ba da jingina, wasu sun koma ƙwadago a gonar wani. Idan muna neman harajin da ya fi kowane nauyi da aka ɗora wa mutumin wannan kwari a shekarun nan, shi ne wannan. Naira 75,000 da aka yi alkawarin turawa cikin wata uku ba ta kai kuɗin man da manomin kadada ɗaya ke ƙonawa a rani guda ba, ko da ta iso shi.

Da farko tsadar shinkafa ta ɗan rufa masa asiri, domin shanshera ma ta yi daraja. Sai aka zo ɗage harajin shigo da abinci a 2024. A lokacin buhun shinkafa ya doshi naira 100,000 a birane, an yi zanga-zangar kwana goma a farkon Agusta, kuma babu gwamnatin da za ta ga haka ta yi shiru. Magidancin Kano ko Ibadan da ya ga farashi ya sauko a 2025 ya yi hamdala, kuma yana da gaskiya. Har a nan Birnin Kebbi akwai dubban gidaje da saye suke yi ba noma ba, su ma sun numfasa. Amma sauƙin haraji ba ya faɗowa daga sama, akwai mai biyansa. Manomin da ya yi noma da fetur mai tsada da taki mai tsada ya kai shanshera kasuwa ya tarar farashi ya karye, masu injinan casa kuma sun rage saye domin shinkafar waje ta cika kasuwa. An cire masa tallafi a wajen abin da yake saye, an cire masa kariya a wajen abin da yake sayarwa, cikin shekara biyu. Wannan a jihar da ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Banki, aka ce mana mu ne za mu ciyar da ƙasa. A kan wannan kira aka yi shinkafar Lake tsakanin Legas da Kebbi a 2016, aka buɗe masana'antar Wacot a Argungu a 2017, ma'aikata da 'yan kasuwa suka tsunduma fadama. Manomi zai iya jure manufar da ba ta yi masa daɗi ba in ya san da ita tun kafin ya zuba iri. Abin da ke karya shi shi ne a sauya doka tsakanin shuka da girbi.

Tun da na ambaci rancen, bari in faɗi wadda ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Babban Banki ya ce ya fitar da sama da naira tiriliyan 1 a wannan shiri a faɗin ƙasa, kuma a lissafinsa na 2023 kusan rabi ne kawai aka mayar. Akwai waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye gonakinsu, waɗannan uzurinsu a fili yake. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba suka shiga jerin manoma, da waɗanda suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Sakamakon shi ne yau da manomin gaskiya ya fi kowane lokaci bukatar rance, an rufe ƙofar.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne gindin matsalar: gwamnati ba ta san mutanenta da suna ba. Abin mamaki, akwai lokacin da ta sani. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin En'e. Mai unguwa ya san kowane magidanci, hakimi yana da jerin sunaye, uban ƙasa yana tattarawa, malamin haraji yana rubutawa, kuɗi su tafi Baitulmali a Birnin Kebbi ko Argungu. Tun daga dokar kuɗin shiga ta Gwamna Lugga ta 1906 aka shimfiɗa wannan tsari, aka haɗe tsofaffin kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin rafi wuri guda, aka bar jangali a kan shanu. Babu baligin da ke ɓacewa daga littafin. Amma littafin na karɓa ne. Da Turawa suka dage sai an biya da tsabar kuɗi, sai manomi ya zama dole ya sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da bazara lokacin da ya fi tsada. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, mutane suna mutuwa ana ci gaba da karɓar haraji a yawancin wurare. Masanin nan Michael Watts ya yi cikakken littafi a kan yadda wannan tsari ya raunana rumbunan ƙasar Hausa. Ba a rasa misalin da ya saɓa wa haka a tarihin da muka gada ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya jinkirta karɓar zakka, ya aika wa Amru ɗan Asi ya turo abinci, ya sa aka ƙidaya waɗanda ake ciyarwa. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa.

Saboda wannan tarihi ne jama'a suka yi murna lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, daga baya abin ya mutu a sauran Arewa. Ban ce a dawo da shi ba, Allah ya kiyaye. Wanda ya ga an shanya magidanci a rana a ƙofar fada saboda sule goma ba zai yi kewarsa ba. Abin da nake cewa shi ne da harajin ya tafi, littafin ma ya tafi, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba. Kuɗin mai ya wadatar da gwamnati daga neman talaka, sai ta daina ƙidaya shi. Shekara arba'in bayan haka, da ta tashi ba shi wani abu, sai ta tarar ba ta san ƙofar gidansa ba.

Mun ga haka a 2020 lokacin korona. Amurka ta tura wa kowane baligi mai matsakaicin samu dala 1,200 cikin 'yan makonni, domin hukumar harajinta tana da sunansa da lambar asusunsa. Ingila ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka zaunar a gida, ta hanyar rajistar albashi. Kada ku ce ai waɗannan masu kuɗi ne: Indiya ta raba kilo 5 na hatsi a wata ga mutum miliyan 800, ta shagunan rabon da take da su a kowane ƙauye da katin da kowane gida ke riƙe da shi tun kafin annobar. Mu kuwa an raba naira 20,000 hannu da hannu ga waɗanda ke cikin rajistar masu rauni, sauran kayan abinci suka kwanta a rumbunan ajiya har jama'a suka fasa su a jihohi da dama a watan Oktoba. A 2024 aka maimaita. Wata uku da ƙaddamar da shirin naira 25,000, aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a watan Janairu bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirin gaba ɗaya. Da aka dawo da shi sai aka sa sharaɗin lambar NIN da asusun banki ko na waya. Sharaɗin yana da hujja, domin ya toshe sunayen bogi. Amma wa ya fi rasa NIN? Tsohuwar da ke ƙauyen da babu sabis, wadda zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma zai cinye mata kuɗin abincin kwana uku. Matakin da ya kori ɓarawo ya haɗa da wadda aka yi shirin dominta.

Inda babu rajista, sai a koma wa buhu. Kuma duk mun san tafiyar buhu: daga Abuja zuwa gidan gwamnati, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa rumfar zaɓe, kowane mataki da kwamitinsa. Ruwan da aka sako daga bakin gulbi ta doguwar lamba ta ƙasa, kafin ya kai fangalin ƙarshe ƙasa ta shanye rabinsa. Ko da kowa a kwamitin mai tsoron Allah ne, tirela biyar in aka raba wa mazaɓu 225 abin da zai isa gida ɗaya 'yan tiyoyi ne. Ga kuma abin da ya fi ba ni takaici, a ɗauko shinkafa daga nesa a kawo wa mutanen da shinkafa ke jibge a gonakinsu suna neman mai saye.

Zan wuce da sauri ta kan rigimar VAT, domin an yi ta a jaridu har an gaji. Gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da a raba kashi 60 cikin 100 bisa inda kuɗin ya fito. A ƙarshe aka daidaita a kan rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, aka kuma ɗaga kason jihohi daga 50 zuwa 55, aka bar VAT a 7.5. An yi nasara gwargwado. Abu ɗaya kawai zan ƙara: abin da muke samarwa, shinkafa da gero da albasa da kifi, abinci ne da doka ta ɗauke wa VAT, kuma daidai ne a ɗauke. Ma'anarsa dai duk tsarin da ya auna jiha da VAT ɗin da ta tara zai nuna mu a matsayin masu ci ba masu kawowa ba, alhali gumin yana cikin tukunyar kowa. Maƙwabtanmu sun san zafin wannan batu. A 2005, shekarar da fari da fara suka haɗu a Nijar, gwamnati ta ɗora VAT na kashi 19 a kan kayan masarufi, sai da aka rufe Yamai da Maraɗi da Damagaram da yajin aiki kafin ta janye yawancinsa.

Yanzu ina kuɗin tallafin man da aka cire suka tafi? Wani kaso mai yawa ya biyo ta asusun tarayya ya dawo wa jihohi. Kason da jihohi ke karɓa a wata ya ƙaru sosai in aka auna da naira, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi nasu kai tsaye. Ke nan tambayar ba ta Abuja kaɗai ba ce, ta nan gida ce. Kebbi na cikin jihohin da kuɗin shigarsu na cikin gida ya fi ƙanƙanta, kuma babban ɓangarensa harajin albashi ne, wanda sabuwar doka za ta rage. Tsorona shi ne a nemi cike giɓin a kasuwa da tasha, a ƙara yawan masu tikiti. In aka yi haka, an rage wa mai albashi an ɗora wa wanda ba shi da albashi. Abin da ake tarawa a irin waɗannan tikitoci, bayan an cire rabon 'yan kwangilar karɓa, bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da yake jawo wa ciniki. Majalisar jiha tana da ikon ta haɗe su su zama ɗaya, a rubuta adadin a allo a bakin kowace kasuwa, a kuma sa a doka cewa shekarar da aka yi ambaliya ko fari an ɗage shi a yankin da abin ya shafa, ba sai an jira tausayin wani ba.

A fannin noma, gwamnatin jiha ta raba injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, kuma a ganina cikin duk abin da aka kira tallafi a shekarun nan wannan ne ya dace da ciwon. Buhu yana ƙarewa cikin mako, injin kuwa yana cire fetur daga lissafin manomi shekara da shekaru. Damuwata ita ce adadi da hanyar rabo. In da za a mayar da shi tsari na dindindin, manomi ya biya wani kaso da shanshera bayan girbi, a horar da matasa gyaransa a Kwalejin Waziri Umaru, a kuma riƙa sayen shinkafar rabo da ta ciyar da 'yan makaranta daga hannun manoman nan a farashin da aka sanar tun kafin shuka, da kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu.

Duk waɗannan suna komawa ga littafin sunaye, kuma wannan aiki ne da ba sai an jira Abuja ba. Iyayenmu sarakuna, har gobe mai unguwa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya, ya san marayu, ya san wanda gonarsa ce ta gaskiya da wanda ya aro. Abin da ya rasa shi ne a tambaye shi, a kuma tsare shi daga matsin 'yan siyasa. Malamai, muna da jami'ar tarayya a nan, da ta jiha a Aliero, da Kwalejin Adamu Augie a Argungu, kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da ba su shafi kowa ba. A ɗauki mazaɓa ɗaya a gwada: a rubuta kowane gida, a karanta jerin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a domin kowa ya ji wanda aka sa da wanda aka bari, a kai injin yin NIN har ƙauyen maimakon a ce tsofaffi su zo gari, a kuma sabunta jerin kowace kaka. Na san za a ce mutanenmu suna tsoron rubuta suna, suna ganin haraji ne zai biyo baya. Tsoron yana da asali, na kuma faɗi asalinsa ɗazu. Shi ya sa karon farko da za a yi amfani da jerin, ya zama an zo bayarwa ne, a gaban kowa, kuma abin ya isa cif yadda aka faɗa.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Akwai manoma da 'yan kasuwa a zauren nan da suka fi ni sanin farashin da na yi ta kewayawa, ina roƙon a fara ba su dama a lokacin tambayoyi.